Daga Bakin Shago: Ɗanka na jami'a, waye mai masaukinsa a can?

 

Cikin saƙonnin da suka shigo wannan makon akwai na wata baiwar Allah mai sayar da kayan kicin a Lome. Ta ce ɗanta yana karanta kimiyyar siyasa a wata jami'a a gida Najeriya. Shekara huɗu aka ce mata, ga ta biyar ta ƙare, abokansa har sun tafi bautar ƙasa, shi kuwa duk sanda ta kira sai ya ce, "Umma, saura kaɗan." Tambayarta ita ce: a cikin wannan ƙatuwar makaranta, wa ya san gaskiyar inda yaron nan yake?

Hajiya, akwai wanda ya sani. Saboda shi ne ma na ware rubutun yau, domin na lura da yawanmu muna biyan kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci shekara da shekaru, amma ba mu taɓa jin labarin wannan mutum ba.

Mu da muka taso a fatauci mun san darajar mai masauki. Tun zamanin da kakanninmu ke zuwa Gwanja sayen goro, baƙo ba ya shiga gari ya buɗe kaya haka kawai. Sai ya sauka wurin fatoma, wanda ya san farashi, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa, ya san dokar garin. Baƙon da ya raina mai masauki, ko da kuɗinsa da wayonsa, shi ake sayar wa ruɓaɓɓen goro. To jami'a ma gari ce, tana da dokokinta, kuma kowane sashe yakan ware malami ɗaya ga kowane aji don ya zama mai ba ɗalibai shawara. A jami'o'in arewacin Najeriya yara na kiransa lebul kodineta, ko kodineta kawai. 'Yan aji ɗaya da nasu, 'yan aji biyu da nasu, har zuwa aji huɗu. A wasu wuraren malami ɗaya ne ke bin ajin tun daga shiga har fita.

Aikinsa ba koyarwa kaɗai ba ne. Shi ke duba takardar rajistar kwasa-kwasai ya sa hannu. Shi ya san kos ɗin da yake dole da wanda yake na zaɓi. Shi ya san kos ɗin da ba a ɗauka sai an ci na ƙasa da shi. Sakamakon ɗalibi ta hannunsa yake bi kafin ya je gaban taron sashe, daga nan tsangaya, daga nan majalisar jami'a. Ranar da za a tantance waɗanda suka kammala, lissafinsa ake dubawa. A taƙaice, littafin bashin ɗanka a hannunsa yake.

Na ce littafin bashi ne da gangan, domin karatun jami'a lissafi ne irin namu na shago. Bari in warware shi yadda 'yata ta warware min lokacin da take aji ɗaya a sashen nazarin zamantakewa, na kuma sa ta maimaita har sai da ya zauna min.

Kowane kos yana da nauyi, wanda suke kira kiredit. Wani biyu, wani uku. A tsarin hukumar kula da jami'o'in Najeriya, NUC, ɗalibi ba ya ɗaukar ƙasa da kiredit 15 a zango guda, ba ya kuma wuce 24. Wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB daga aji ɗaya yana buƙatar aƙalla kiredit 120 kafin a ba shi digiri. Maki kuma hawa-hawa ne. Daga 70 zuwa sama A ke nan, lada biyar. Daga 60 zuwa 69 B, lada huɗu. Daga 50 zuwa 59 C, lada uku. Daga 45 zuwa 49 D, lada biyu. Daga 40 zuwa 44 E, lada ɗaya. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, F, sifili. Ana ninka ladan kowane kos da nauyinsa, a tara, a raba da jimillar kiredit ɗin da aka yi wa rajista. Abin da ya fito, idan aka haɗa na duk zangunan da aka yi, shi ne CGPA ɗin da kake jin yara na ambata.

Ga misali. Yaro ya ɗauki kos shida, kowanne kiredit uku, jimilla 18. In ya ci B a duka, ya tara 72, a raba da 18, ya tashi da 4.00. In kuwa ya ci B a biyar ya faɗi ɗaya, 60 ya tara, amma da 18 ɗin nan dai za a raba, sai ya koma 3.33. Kos ɗaya tak ya sauko da shi daga wani mataki zuwa na ƙasa, domin a mafi yawan jami'o'in daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Kuma kos ɗin da ya faɗi ya zama kariyoba, sai ya sake shi baɗi, ya cinye masa gurbi cikin kiredit 24 ɗin nan. A jami'o'i da yawa ko ya sake ya ci, sifilin farko yana nan cikin lissafi, ba ya goguwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne nauyin shekarar farko. Mu ɗauka nauyin kowace shekara daidai yake. Yaron da ya gama aji ɗaya da 2.00, in yana son fita da 3.50, sai ya yi 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. In kuwa ya sake yin 2.00 a aji biyu, to sai ya ci A a kowane kos na shekara biyun ƙarshe, babu ko B ɗaya. Wa ya taɓa cike giɓin jari irin wannan a kasuwa? Shi ya sa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da ya kamata yaro ya san ofishin kodinetansa ita ce makon farko na aji ɗaya, ba ranar da sunansa ya ɓace daga jerin masu kammalawa ba.

Akwai kuma iyaka. In CGPA ta faɗi ƙasa da wani mizani, a wasu jami'o'in 1.00, a wasu 1.50, ana sa ɗalibi a matakin gargaɗi. In bai farfaɗo ba, a sallame shi daga sashen. Digirin shekara huɗu kuma galibi wa'adinsa shekara shida ne. Wanda ya shiga ta biyar ko ta shida shi ake ce wa yana sifiloba. To Hajiya ta Lome, ga dukkan alamu nan ɗanki yake, kuma ba abin kunya ba ne da zai sa a ɓoye, da yawa sun bi ta nan sun fita lafiya. Abin da ya kamata ki nema ba "saura kaɗan" ba ne. Ki ce ya je wurin kodinetansa ya karɓo jerin kwasa-kwasan da suka rage masa a rubuce, da adadin zangon da ya rage cikin wa'adinsa, ya ɗauki hoto ya turo miki ta WhatsApp. In kos biyu ne, a san biyu ne. In takwas ne, a san takwas ne, a yi shiri.

Yanzu bari in taɓo inda mu 'yan kasuwa muke shigowa, domin wani ɓangaren matsalar daga shagunanmu yake tasowa. Azumi ya kama, ciniki ya buɗe, sai uba ya kira yaro, "Zo ka taya ni mako biyu, ai ba jarrabawa kuke ba." Ko kaya sun iso tashar jirgin ruwa, babu wanda aka amince wa sai shi. Abin da uban bai sani ba, kashi 30 ko 40 na makin kowane kos tun kafin jarrabawa ake tara shi, ta gwaji da aikin gida. Jami'o'i da yawa kuma suna da dokar halartar aji kashi 75 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Mako biyun nan, da kwanakin hanya zuwa da dawowa, suna iya cinye gwaji uku. Ribar Sallah guda ba ta kai kuɗin ƙarin shekara a jami'a ba, balle shekarar kanta.

Sai kuma abin da ba mu da iko a kansa. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Mun ga yadda aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Rashin lafiya na zuwa, rasuwa na zuwa, haihuwa na zuwa, jari kan karye. A irin wannan hali jami'a tana da ƙofa, wato ɗage karatu. Ɗalibi zai rubuta takarda ta hannun kodineta da shugaban sashe, ya haɗa da shaida, kamar takardar asibiti, ya nemi a ɗage masa zango ko shekara. In aka amince, ba a rubuta masa faɗuwa. In kuwa ya ɓace shiru bayan ya yi rajista, duk kos ɗin da bai zauna ba sifili ne.

Na ga wannan da idona a kan ɗan wani maƙwabcina a kasuwa. Mahaifin ya kwanta ciwo wata huɗu, yaron ya baro makaranta ya riƙe shago, abin yabo ne wallahi. Amma ya riga ya yi rajistar kos bakwai, bai rubuta wa kowa komai ba. Da ya koma, sifili bakwai suna jiransa. Da ya je wurin malamin, abin da ya ce masa shi ne, "Ɗana, da takarda ɗaya ka aiko min tun mahaifinka na asibiti, da duk wannan bai faru ba." An dai yi ta fama, yaron ya gama, amma da ƙarin shekara, da sakamakon da bai kai ƙwazonsa ba. Takarda ɗaya fa, wadda ko ta waya ana iya tura hotonta kafin a kai ta hannu.

Akwai wani tarkon da ya fi kama 'yan kimiyyar zamantakewa. Yara da yawa suna zaɓar nazarin zamantakewa ko kimiyyar siyasa don gudun lissafi, sai su tarar da kos ɗin ƙididdiga da na dabarun bincike suna jiransu, kuma dole ne. Masu karanta tattalin arziki kuwa lissafi ne abincinsu tun daga aji ɗaya. Haka nan kwasa-kwasan gama-gari da kowa ke yi, irin su Turanci da al'adun Najeriya da koyon sana'a, yara na raina su, alhali ko kiredit biyu ne ya rage a cikinsu ba a ba da digiri. Kodineta ne zai gaya wa yaro kada ya tara masu nauyi a zango ɗaya, ya kuma fara sa kariyoba a rajista kafin sabbin kwasa-kwasai. Ga kuma sabon tsarin manhaja da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, wanda ya canja sunaye da lambobin kwasa-kwasai da dama. Saboda haka shawarar yayan da ya gama shekara biyar da suka wuce, ko ta abokin ɗaki, ba lallai ta yi daidai da yau ba. Mai tambaya ba ya ɓata, amma sai ya tambayi wanda ya san hanya.

Ga 'ya'yanmu da ke karanta wannan shafi, ga abin da nake ba ku shawara. Ku je ofishin malamin nan sau biyu a kowane zango, lokacin rajista da bayan fitowar sakamako. Ku je a lokacin aiki, da takardunku a hannu, da tambayarku a shirye. A yi sallama, a ce, "Malam, barka da aiki, ni ɗalibinka ne na aji biyu, ina son ka duba min rajistata kafin a rufe." Ku tuna mutum ɗaya ne ke fama da ɗaruruwanku, ga koyarwa ga duba jarrabawa. In ba ku same shi yau ba ku koma gobe. Duk takardar da ya sa wa hannu ku yi kwafi ku adana, ku kuma ɗauki hotonta. Mu a kasuwa ba ma yar da rasit, to takardar rajista ta fi rasit. In an ce sakamakonka ya ɓata, ita ce shaidarka. Ka kuma sani, jarrabawar da ka zauna ba tare da ka yi wa kos ɗin rajista ba, kamar ka kai kaya ne ba a rubuta a littafi ba.

Ba kowane mai masauki ne nagari ba, wannan ma mun sani. Akwai wanda ba ya zama a ofis, akwai mai faɗa, akwai wanda Allah ya shirya. In malami ya gagara samuwa, sama da shi akwai shugaban sashe, akwai jami'in jarrabawa na sashe, akwai shugaban tsangaya, akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai. A bi su daki-daki, a rubuce, cikin ladabi. 'Yan mata kuma, shawara a ofis ake yinta da rana, kuma babu laifi ki tafi da ƙawarki. Duk wanda ya ce ki same shi a wani wuri, ko ya fara kiran dare, wannan ba shawara ba ce. Ki gaya wa iyayenki, ki adana saƙonnin, a kai ƙara. Mu kuma iyaye mu zama waɗanda 'ya'yanmu za su iya gaya wa irin wannan magana ba tare da tsoron a ce a cire su daga makaranta ba.

Iyaye, ga namu kashin. Mun saba da ihsani, mun saba da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kada wanda ya ɗauki turmin atamfa ko ambulan ya nufi malami don a gyara maki. In ya karɓa, ka koya wa ɗanka cewa komai na sayarwa ne, ka kuma jefa shi cikin laifin da ake korar ɗalibi a kansa. In bai karɓa ba, ka zubar da mutuncinka da na yaron. Kada kuma mu mai da wayar malami tamu, kullum kira. Ɗan jami'a baligi ne, wani malamin ma ba zai gaya maka sakamakonsa ba sai da saninsa, kuma yana da gaskiya. Abin da ya fi shi ne yarjejeniya tsakaninka da ɗanka tun ranar farko: kuɗin sabon zango yana fita ne bayan an ga takardar sakamakon wanda ya wuce. Ba don tuhuma ba. Ko yaron shago da ka fi yarda da shi ai kuna zama ku yi lissafi. In ka ga faɗuwa kuma, ka riƙe fushinka. Yaron da aka yi wa tsawa a kan kariyoba ɗaya, shi ne zai ɓoye biyar.

A duba sunaye ma tun da wuri. Mu mazauna waje sau da yawa sunan yaro a takardar haihuwa daban, a sakamakon WAEC daban, a JAMB daban, wani wurin rubutun Faransanci wani wurin na Turanci. Wannan bambancin kan tsayar da yaro a ƙofar bautar ƙasa. Gyaransa a aji ɗaya ko biyu ya fi sauƙi. A kuma tuna wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Ga yajin aiki da ke cin lokaci, kamar na malaman jami'a a 2022 da ya ɗauki wata takwas. Shekarun ba su da yawa kamar yadda yaro ke gani.

Waɗanda 'ya'yansu ke karatu a ƙasashen da muke zaune, ma'aunin ya bambanta amma maganar ɗaya ce. A Jami'ar Gana da ke Legon lissafin kan huɗu yake, daraja ta ɗaya daga 3.60. A jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi matsakaicin maki bisa ɗari ake dubawa, daraja ta ɗaya daga 70. A ƙasashen Faransanci, irin su Nijar da Benin da Togo, digirin farko zango shida ne, kiredit 30 kowane zango, jimilla 180, maki kuma bisa 20 ne, 10 ce madogara. Ko'ina akwai malamin da aka ɗora wa alhakin aji ko fanni. Sunan muƙaminsa ne kawai ke canjawa. A tambaya a ofishin sashe, za a nuna shi.

Kada kuma a ɗauka amfanin wannan malami ya tsaya ga ranar matsala. Shi ne zai rubuta wa yaro takardar shaida in zai nemi tallafin karatu ko digiri na biyu, kuma ba ya rubuta abin kirki a kan fuskar da bai sani ba. Shi ne zai iya nuna masa malamin da ya dace ya duba masa aikin binciken ƙarshe. A nan ma 'ya'yanmu suna da jarin da ba su san da shi ba. Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna cikin Hausawan Sabo a Ibadan ya yi nazarin cinikin goro da shanu, littafinsa ya fito a 1969, har yau ana karanta shi. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu ya rubuta nasa a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978. Abin da waɗannan suka yi tafiya suka nema, ɗanka a cikinsa aka haife shi: yadda adashi ke tafiya a zango, yadda ake ba da kaya bashi ba takarda, yadda canjin Naira da Sefa da Sidi ke taɓa ribar ɗan kasuwa, yadda rufe iyaka ya canja hanyoyin kaya. Yaron da ya kai wa malaminsa irin wannan batu tun yana aji uku, ba zai rasa abin rubutawa ba, ba kuma zai je ya sayi aikin wani ba.

Saboda haka a wannan makon, duk mai ɗa ko 'ya a jami'a, in an yi waya an gama gaisuwa, a yi tambaya uku: waye kodinetanku, yaushe rabonka da ofishinsa, kuma nawa ne CGPA ɗinka a takarda? In amsa ta zo a tsaye, alhamdu lillahi. In aka fara inda-inda, to ga aikin da za a fara da shi ranar Litinin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun masaukin ɗalibai, tsakanin ɗakin makaranta da zama gidan dangi. Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman malaman jami'a da ke bibiyar wannan shafi, ƙofa a buɗe take. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa mu ci moriyar wahalarmu, ya ba da kasuwa mai albarka.